RA'AYINMU: Kafin a cire ƙoƙon gwiwar talaka

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen 'yan haɗari na wani babban asibitin gwamnati ya san irin mutanen da ake kawowa wurin: ɗan acaɓa da mota ta kaɗe a hanyar Mararaba, fasinjan da gwiwarsa ta daki gaban mota sa'ilin da aka yi taho-mu-gama, birkilan da ya faɗo daga saman gini, tsohuwar da santsi ya kwashe a makewayi. Idan an tashi lissafi, hankali ya fi karkata ga waɗanda suka rasu da waɗanda aka yanke wa ƙafa. Akwai kuwa wasu da ba sa shiga ƙidayar kowa. An sallame su da ƙafafunsu biyu, an rubuta a kati cewa sun warke, amma sun baro ƙoƙon gwiwarsu a ɗakin tiyata, kuma tun daga ranar hawa bene da tsugunno da tashi daga kan tabarma suka zame musu jan aiki. A kansu muke son yin magana yau, domin abin da ya kai da yawansu ga wannan hali ya wuce tsautsayi. Akwai sakacin hukuma a ciki, akwai kuma namu.

Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙaramin ƙashi ne, faɗinsa bai wuce santimita huɗu zuwa biyar ba. Yana zaune ne a cikin jijiyar da ta taso daga manyan tsokokin gaban cinya ta gangara ta kama ƙashin ƙwauri. Wanda ya san goge ko garaya ya san jakin da ake sakawa a ƙarƙashin tsirkiya domin ya ɗaga ta daga jikin fata. To, kusan aikin ƙoƙon gwiwa ke nan: ya ɗaga jijiyar daga jikin gaɓa, yadda tsokar cinya za ta miƙar da ƙafa ba tare da ta sha wuya ba. Nauyin da yake ɗauka kuwa ya fi ƙarfin girmansa. Masana sun auna cewa a tafiyar ƙasa yana ɗaukar kimanin rabin nauyin jikin mutum, a hawa bene ya kai ninki uku, a tsugunno kuwa ya haura ninki bakwai. Shi ya sa guringuntsin da ke bayansa ya fi na kowace gaɓa ta jiki kauri. Sai mai karatu ya dubi yadda muke rayuwa. A tsugunne ake girki da wanki, a tsugunne ake shiga masai a mafi yawan gidajenmu, a duƙe ake noma, da durƙuso ake gaida manya, da gwiwa ake sujada da zaman tahiya. Baturen da ya rasa wannan ƙashi yana da kujera da masai na zama da lif. Manomin Gwagwalada ko na Ɗambatta ba shi da ko ɗaya.

Su kansu likitoci sun daɗe suna kai-kawo a kan darajar wannan ƙashi. A shekarar 1877, a asibitin King's College da ke Landan, Joseph Lister ya tsaga gwiwar wani mutum da ƙoƙonsa ya rabe biyu, ya ɗaure ɓarin biyu da waya. Abokan aikinsa da yawa sun ɗauki abin a matsayin ganganci, domin a wancan zamani buɗe gaɓa tamkar gayyato ruɓa ne da mutuwa. Mutumin ya warke, ya taka ƙafarsa. Shekaru 60 bayan haka, a 1937, wani likitan Ingila mai suna Brooke ya wallafa ra'ayin cewa ƙoƙon gwiwa ba shi da wani amfanin a-zo-a-gani, in ya karye a cire shi kawai, gwiwar ma za ta fi ƙarfi. Maganar ta sami karɓuwa, aka shafe shekaru ana cire wa mutane ƙoƙon gwiwa a kan karaya da ciwon gaɓa, har da ciwon da ba a gano kansa ba. Sai a 1971 Herbert Kaufer na Amurka ya nuna da awo cewa gwiwar da aka raba da ƙoƙonta tana buƙatar ƙarin ƙarfin tsoka da zai iya kaiwa kashi 30 cikin 100 kafin ta miƙe sosai. Daga nan ra'ayi ya juya.

Abin da ake koya wa likitocin ƙashi a yau shi ne a ceci ƙoƙon gwiwa iyakar iyawa. Idan tsagewa ce kawai, ɓarin bai rabu da juna ba, kuma majiyyaci yana iya ɗaga ƙafarsa a miƙe, filasta ko takalmin gwiwa na makonni huɗu zuwa shida ya wadatar. Idan ya rabu, sai a shiga tiyata a haɗa shi da siraran ƙarafa biyu da waya, ko da ƙusoshi masu zare, ko da ɗan faranti. Idan wani gefe ya niƙe, a cire wannan gefen a bar sauran, a ɗinke jijiya a jikinsa. Cire shi gaba ɗaya ya zama abin da ake yi in an rasa yadda za a yi: ƙashin ya dagargaje babu abin haɗawa, ko ruɓa ta cinye shi, ko ƙari ya kama shi. Aikin haɗawar ba wani aikin da sai an je Indiya ba ne. Waya ce da ƙarafa biyu da likitan da ya iya, sai ɗakin tiyata mai tsafta da wutar lantarki.

Mutumin da aka cire masa kuwa yakan rayu da raunin cinya, gwiwar ta riƙa sullewa ba zato musamman wajen saukowa daga bene ko gangare, wani lokaci ta ƙi miƙewa har ƙarshe, kuma ƙarshen ƙashin cinya ya zauna babu garkuwa, jijiya tana gurzarsa kai tsaye. Idan shekaru suka ja, gaɓar ta lalace har ta kai ga sai an sauya ta da ta ƙarfe, sakamakon aikin ba ya kaiwa na wanda ƙoƙonsa yake nan.

Wannan ne ya sa likitoci a ƙasashen da suka ci gaba suka shiga neman hanyar sake gina abin da magabatansu suka cire. A 1991 Frederick Buechel na Amurka ya bayyana yadda yake yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci, ya sassaƙa shi, ya yi masa ɗan aljihu a bayan jijiyar gwiwa ya ɗinke shi a ciki, a lokacin da ake sauya gaɓar. Wasu sun yi amfani da gutsuren ƙashin da ake yankewa daga cinya yayin wannan aikin. Wasu suka koma ga dashen ƙoƙo da jijiyarsa daga jikin mamacin da ya bar wasiyyar kyautar da sassan jikinsa. An kuma ƙera ƙoƙo na wani ƙarfe mai ƙofofi kamar soso da ake kira tantalam, da fatan nama zai tsiro a cikinsa ya riƙe shi. Kowace hanya da nata cikas. Ƙashin da aka dasa yana iya narkewa ko ya goce daga mazauninsa. Na mamaci yana buƙatar ma'ajiyar ƙashi da gwaje-gwajen cututtuka, kuma jijiyarsa tana iya saki bayan wani lokaci. Na ƙarfen kuwa ya fi kamawa inda akwai sauran ƙashi. Inda aka ɗinka shi a jikin jijiya zalla, rahotanni sun nuna yana yawan kwancewa. Yawancin abin da aka wallafa a kan waɗannan ayyuka ma a kan majiyyata 'yan ƙalilan ne. Ke nan ko mai kuɗin da zai iya zuwa Jamus ba a ba shi tabbacin za a mayar masa da abin da Allah ya halitta masa. Ina ga ɗan acaɓa?

Saboda haka tambayar da ta fi dacewa da Najeriya ita ce: me ke kai gwiwar da waya za ta iya ceta har ga cirewa? Amsar da ta fi yawa ita ce jinkiri. Tsokar cinya ƙaƙƙarfa ce, kuma ba ta daina ja. Da zarar ƙoƙo ya rabe biyu, sai ta janye ɓarin sama zuwa cinya, na ƙasa ya tsaya a inda yake. A makon farko likita zai iya jawo su ya haɗa cikin sauƙi. Bayan watanni uku ko shida tsokar ta ƙanƙance ta sandare, gefen ƙashin ya shafe, guringuntsin ya lalace, tazarar ta ƙi rufuwa. Likitan da aka kawo wa irin wannan gwiwa zaɓinsa kaɗan ne, kuma cirewa na daga ciki. Ina majiyyacin ya shafe waɗannan watanni? Kowa ya san amsa: yana gidan mai ɗori, ko yana gida ana haɗa kuɗi.

Ba mu cikin masu yi wa masu ɗori kuɗin goro. Sana'a ce ta gado da ta riga asibiti zuwa ƙasar nan, kuma har gobe a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ake iya samu a daren da abu ya faru. Suna karɓar abin da ya sawwaƙa, suna jira sai an girbe amfanin gona, suna magana da majiyyaci da harshen da yake ji, abubuwa uku da asibiti ya kasa. Akwai kuma karayar da in aka ɗaure ta aka bar ta za ta haɗe da kanta, kuma daga irinta sunansu ya fito. Amma ƙoƙon gwiwar da ya rabu ba ya cikin wannan sahu. Babu kara, babu tsumma, babu man shafawa da zai rinjayi tsokar cinya ya dawo da ɓarin da ta janye. Ja da murzar da ake yi wa wurin sai dai su ƙara ɓarna, ɗaurin da ya matse kuma shi ne ke toshe jini har ƙafa ta ruɓe. Alamar da za ta raba gardama ba ta buƙatar na'ura: a kwantar da mutum a ce ya ɗaga ƙafar a miƙe. In ya kasa, ko kuma yatsa yana faɗawa cikin rami a tsakiyar ƙoƙon, to aikin ya fi ƙarfin ɗori. Wannan ilimi ne da za a iya koyarwa a yini ɗaya. An gwada irin haka a Habasha, inda wani likita a asibitin Arba Minch ya ba da rahoto a 2005 cewa ɗan gajeren horon da aka yi wa masu ɗorin yankin ya rage yawan yanke gaɓoɓi saboda ruɓa. Ma'aikatun lafiya na jihohi da masarautunmu, waɗanda da yawansu suna da sarakunan ɗori, ba su da uzurin ƙin gwadawa.

Sai dai ɗora wa mai ɗori laifi duka rashin adalci ne matuƙar ba a tambayi abin da ya kori majiyyaci daga asibiti ba. Kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa kai tsaye. Wanda aka kawo da karaya za a rubuta masa kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin gado, kuɗin jini, kuɗin ɗakin tiyata, sannan a miƙa wa 'yan uwansa takardar ƙarafan da za su je su sayo. Kusan duk waɗannan ƙarafa daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi Dala ya haye. A daidai wannan lokaci ne wani kawu zai matso ya ce akwai wani mai ɗori a ƙauyensu da ba ya kuskure, a sa hannu a takardar sallama a fita da dare. Likitoci suna kiran wannan fita bisa saɓa wa shawarar likita. A gaskiya fita ce bisa umarnin talauci.

Abin takaicin shi ne dokokin suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar dai ita ce ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka ware kashi biyar cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. To amma mece ce gaggawa? A aikace an taƙaita ta ga tsayar da jini da ceto numfashi. Da zarar an ga mutum ba zai mutu a daren ba, sai ya koma layin masu biya. Mu a ganinmu karayar da jinkirin makonni zai mayar da ita nakasa ta dindindin gaggawa ce, kuma ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta faɗi haka a rubuce, ta sanya haɗa karayar ƙoƙon gwiwa da makamantanta cikin abin da asusun zai biya, har da kuɗin wayar da ƙarafan. Lissafin ba shi da wuya. Magidancin da ya koma bakin sana'arsa bayan wata uku ya fi wa ƙasa araha a kan wanda zai ƙare rayuwarsa yana dogara sanda, 'ya'yansa sun bar makaranta.

Akwai wasu kuɗaɗen ma da ake tarawa da sunan irin waɗannan mutane, amma da wuya su gan su. Tun daga watan Janairun 2023 mai ƙaramar mota yake biyan Naira 15,000 a shekara, maimakon 5,000, na inshorar da doka ta wajabta domin wanda ya yi wa ɓarna a hanya, kuma wannan inshora ta haɗa da rauni da rasa rai. Direbobi nawa ne suka san takardar tana da wani amfani ban da nuna wa ɗan sanda? Waɗanda aka kaɗe nawa ne suka san suna da haƙƙi a cikinta? Haka nan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Leburan da ya faɗo daga gini a Gwarimpa ko Lugbe, in an yi masa karamci, sai ɗan kwangila ya ba shi kuɗin mota zuwa garinsu. Hukumar kula da kamfanonin inshora da Hukumar Kiyaye Haɗurra da asibitocin gwamnati za su iya kafa teburi ɗaya a kowane sashen 'yan haɗari, wanda aikinsa shi ne ya bi wa majiyyaci wannan haƙƙi tun yana kan gado.

Sai batun hannun da zai yi aikin. Shekaru da dama ƙasar nan tana dogaro da manyan asibitocin ƙashi uku: na Igbobi a Legas, na Inugu, da na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959 kuma har yau yake karɓar majiyyata daga faɗin Arewa da maƙwabta irin su Jamhuriyar Nijar. Matakin kafa sababbi a Jalingo da Jos da Benin abin yabo ne. Amma gini ba ya tiyata. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage sun taru ne a Legas da Abuja da wasu manyan birane ƙalilan. Bai kamata a ce sai an yi tafiyar kilomita ɗaruruwa kafin a ɗaure ƙoƙon gwiwa da waya ba. Kowane babban asibitin jiha, aƙalla ɗaya a kowace mazaɓar sanata, ya kamata ya iya wannan aiki, da na'urar hoto mai aiki da kayan tiyata a ajiye. Gwamnonin da suke gina gadar sama a inda babu cunkoso su ne ya kamata su amsa wannan. A nan Abuja aka taru a 2001 aka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, alƙawarin da Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba.

Ana kuma mantawa da gashi. Tiyata rabin aiki ce. Gwiwar da aka haɗa aka bar ta babu motsi sandarewa take yi, wadda aka cire wa ƙoƙo kuwa ba ta da abin dogaro sai ƙarfin tsokar cinya, kuma wannan ƙarfi ba ya dawowa sai da atisayen watanni a hannun ƙwararren likitan gashi. Da yawa daga waɗanda suka riga suka rasa ƙoƙonsu za su sami sauƙi mai yawa ta wannan hanya ba tare da an sake tsaga su ba. Amma a ƙananan hukumomi da dama babu mai wannan sana'a ko ɗaya a asibitin gwamnati, alhali jami'o'inmu, ciki har da Bayero ta Kano, suna yaye su duk shekara, su yi ta yawon neman aiki har su gaji su nemi biza.

Muna da magana da likitocinmu ma. Mun san halin da suke aiki a ciki, mun san sau da yawa gwiwar tana iso musu ne bayan ta riga ta lalace. Duk da haka, cire ƙoƙo ya fi haɗa shi sauri da sauƙi da araha, kuma a ɗakin tiyatar da janareta ke barazanar mutuwa, da layin majiyyata a waje, wannan sauƙi jarrabawa ce. Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa, da harshen da yake fahimta, abin da zai rasa in an cire, da ko akwai wani asibitin da zai iya ceto masa shi. Sa hannu ko dangwala yatsa a takardar Turanci da ba a fassara masa ba bai zama yarda ba. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta ƙasa za ta yi wa jama'a babban aiki in ta buɗe rajistar da za a riƙa shigar da kowace cirewa da dalilinta da tsawon jinkirin da aka yi kafin zuwa asibiti. Da wannan ne za a san wace jiha ce ta fi matsala, a kuma san inda za a fara.

Game da sake gina ƙoƙon ga waɗanda suka riga suka rasa, ba mu ce a rufe ƙofa ba. Hanyar da ake ɗebo ƙashi daga ƙugun majiyyaci ba ta buƙatar a shigo da komai daga waje, kuma asibitocin da suke sauya gaɓar gwiwa a Kano da Legas da Abuja suna da ƙwararrun da za su iya nazarinta su zaɓi wanda ta dace da shi. Dashen sassan mamaci kuwa yana buƙatar ma'ajiya mai lasisi a ƙarƙashin Dokar Lafiya ta 2014, da zama da malaman addini da shugabannin al'umma tun kafin a fara, domin magana ce da ta taɓa mutuncin gawa. Wannan aikin shekaru ne. Abin da ba ya buƙatar jira shi ne Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda minista da kwamishinonin jihohi suke haɗuwa, ta sanya maganar cikin ajandar zamanta na gaba, ta tsayar da wa'adin kwanakin da ba za a wuce ba kafin a yi wa mai irin wannan karaya tiyata a asibitin gwamnati, ta kuma fayyace asusun da zai biya idan aljihunsa babu komai.